Me ya sa mutane ke leƙo shafina su juya? Ga inda gizo ke saƙar

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ina sayar da atamfa, leshi da shadda a Kano. Wata shida ke nan da na biya aka yi mini shafin intanet, kuma ina kashe kuɗi wajen talla a Facebook da Instagram. Lissafin tallar yana nuna mutane suna latsawa suna shiga, amma shiru kake ji, babu mai saye ta can. Yaron da ya yi mini shafin ya ce in ƙara kuɗin talla. Ga adireshin na turo, a taimaka a duba mini inda matsalar take.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Kafin komai, kar ki ƙara ko kwabo a kan talla tukuna. Talla ta yi nata aikin, tunda ta kawo miki mutane har bakin ƙofa. Abin da suke tararwa bayan sun iso shi ne yake korar su, kuma muddin ba a gyara shi ba, duk abin da kika ƙara zuba ruwa ne a rariya.

Na buɗe adireshin da kika turo, amma ba a kwamfuta ba. Ina da wata tsohuwar itel da na ajiye musamman don irin wannan aiki, gilashinta ma ya tsage ta gefe. Na kashe Wi-Fi, na kunna data, na fita ƙofar gida cikin rana, saboda haka mai sayen kayanki take idan tallarki ta same ta: tana cikin adaidaita sahu, ko tana tsakar gida da yaro a baya. Farin allo na fara gani, na ƙirga har goma sha ɗaya kafin tambarin shagonki ya bayyana yana jujjuyawa. Bayansa wani ƙaton hoto ya fara saukowa kaɗan-kaɗan kamar ana jan labule. Bai gama ba sai ga wani akwati ya rufe allon gaba ɗaya, yana neman adireshin imel ɗina da Turanci. Alamar rufe shi ƙanƙanuwa ce a can lungu, sai a karo na uku yatsana ya same ta. Na hango inda aka rubuta atamfa, na kai hannu zan latsa, daidai lokacin wani hoto ya ƙarasa saukowa a sama ya tura komai ƙasa, sai ga ni a shafin tarihin kamfani ina karanta manufa da hangen nesa. Da na koma na isa wurin atamfar, hotuna ne masu kyau, wallahi kayanki suna da kyau, amma babu farashi ko ɗaya. Minti biyu da ɗoriya suka tafi, kuma ni da niyyar dubawa na zo. Wadda ba ta san ki ba, tun a farin allon nan ta koma kallon bidiyonta.

Ban ga laifin yaron sosai ba, domin ni ma haka na fara. Mukan gina shafi a kan babbar kwamfuta mai faɗin allo, da intanet mai ƙarfi, sannan mu kai wa mai shi a kan kwamfutar nan mu nuna masa. Hotuna suna shawagi, tambari yana sheƙi, mai shi ya ce ma sha Allah ya biya. Daga mai ginin har mai biyan babu wanda ya taɓa shiga ta ƙofar da baƙo yake shigowa. Alhali a ƙasar nan mafi yawan masu shiga intanet da waya suke shiga, kuma wayoyin da suka cika hannun jama'a su ne Tecno da Infinix da itel. Kusan duk kurakuran da zan faɗa miki daga wannan tushe ɗaya suka tsiro: an yi shafin don ya burge mai shi, an manta da wanda zai shigo da ƙaramar waya, da ragowar data, da buƙata guda ɗaya tak a ransa.

Nauyi shi ne babba, shi ya sa zan daɗe a kansa. A 2016 Google ya fitar da wani bincike da ya nuna cewa kashi 53 cikin 100 na masu buɗe shafi a waya suna barinsa idan ya wuce sakan 3 bai buɗe ba. A 2020 kuma kamfanin ya kawo ma'aunan da yake auna lafiyar shafi da su, inda ya ce babban abin da ke saman shafi, hoto ne ko rubutu, ya kamata ya bayyana cikin sakan 2.5. Ki gwada wannan da sakan goma sha ɗayan da na ƙirga ina kallon farin allo.

Hotunanki ne suka fi jawo shi. An ɗora su ne yadda suka fito daga kyamarar waya, kowanne yana da nauyin megabait 3 zuwa 5. Idan hoto ashirin ne a shafi ɗaya, ki lissafa, wajen megabait 80 ke nan baƙuwa za ta biya daga aljihunta don kawai ta ga abin da kike sayarwa. Tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, mutane sun ƙara sa ido a kan abin da ke cinye musu data. Mace za ta lura cewa daga buɗe shafinki saƙo ya shigo data ta kusa ƙarewa, kuma ba za ta sake kusantarsa ba. Abin haushin, allon wayarta bai ma iya nuna duk girman hoton nan ba. Hoto mai faɗin fiksel 4000, wato ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto a allo, ake saukewa, wayar ta matse shi ta nuna shi a gurbin da bai kai tafin hannu ba. Kamar a ɗauko buhun shinkafa ne a kai a hau bene da shi don a auna gwangwani ɗaya.

Gyaran ba shi da tsada. A rage faɗin kowane hoto zuwa kamar fiksel 800 ko 1000, a matse shi da shafin Squoosh ko na TinyPNG, dukkansu ana amfani da su kyauta, a ajiye shi a tsarin WebP, wani tsarin hoto mara nauyi. Hoton megabait 4 yana iya dawowa kilobait 100 zuwa 150 ba tare da ido ya ga bambanci a waya ba. Na san abin da za ki ce: mai sayen leshi tana son ganin saƙar da duwatsun da kyau. Gaskiya ne, don haka sai a bar babban hoton a ɓoye, ya buɗe kawai ga wadda ta latsa ƙaramin. Sannan a saita shafin yadda hotunan da ke can ƙasa ba za su sauko ba sai mai kallo ta gangaro wurinsu. Shi kuwa tsallen da ya jefa ni shafin tarihi, dalilinsa ba a gaya wa shafin tsawo da faɗin kowane hoto tun farko ba, shi ya sa bai ware masa gurbi ba, sai ya iso ya ture na ƙasa. Aikin minti kaɗan ne ga wanda ya sani.

Akwai kuma jerin manyan hotunan nan biyar da ke sauyawa da kansu a saman shafin. Masu shafi suna matuƙar son su, ni kuwa na daina yi wa kowa. A 2013 wani ma'aikacin jami'ar Notre Dame da ke Amurka ya wallafa lissafin shafin jami'ar, ya nuna kusan mutum ɗaya cikin ɗari ne ke latsa irin waɗannan hotuna, kuma mafi yawan masu latsawar na farkon kawai suke taɓawa. Ke nan hotuna huɗu ana sauke su ne a banza. A cire su, a sa hoto ɗaya tsayayye. Bidiyon da ke kunna kansa a ƙasa shi ma ya tafi, haka tambarin da ke jujjuyawa. Na kuma lura an gina shafin a kan WordPress, manhajar gina shafukan intanet, da samfurin da aka sayo a shirye, an liƙa masa ƙananan manhajoji da yawa waɗanda ba kya amfani da ko rabinsu, kuma kowacce tana ƙara nata kaya a kan wayar baƙo. WordPress ba shi da laifi, lodin ne ya yi yawa. Idan an sauke lodin, a haɗa shafin da Cloudflare, kamfanin da ke ajiye kwafin hotunan shafi kusa da masu buɗe shi, suna da tsari na kyauta kuma suna da na'urori a Legas, saboda hotunan su riƙa zuwa daga kusa maimakon su taso daga Turai ko Amurka kowane lokaci.

Yanzu ga wani kuskure da yake cin kuɗinki kai tsaye. Na nemo tallarki a Facebook, wani leshi ne ruwan zuma. Wadda ta latsa, leshin nan take so, shi ya tsayar da ita. Amma tallar tana kai ta shafin farko ne, inda babu shi, sai ta shiga neman sa cikin kaya ɗari da wani abu. Ki kwatanta da Kantin Kwari: mace ta nuna turmin da ke rataye a ƙofar shago ta ce nawa wannan, sai yaron shago ya ce ta shiga ciki ta duba, yana nan wani wuri. Ai shagon maƙwabci za ta faɗa. Kowace talla ta kai mutum kan kayan da aka nuna masa, da farashinsa, da maɓallin saye a ƙarƙashi.

Maganar farashi kuwa na san ba mantuwa ba ce, da gangan kika ɓoye, kuma na san dalilai. Ana tsoron 'yan kasuwa abokan hamayya su gani su karya, ana tsoron dala ta motsa kaya su tashi, sannan mu mutanen ciniki ne, mun saba a taya a ce albarka har a daidaita. Amma ciniki yana yiwuwa ne idan akwai mutum a zaune da zai amsa. A shago idan aka yi sallama akwai mai cewa maraba, a shimfiɗa darduma, a sauko da kaya. A shafin intanet babu kowa, rubutun da kika bari shi ne yaron shagonki, kuma naki an hana shi faɗin kuɗi. Yawancin mata ba za su turo saƙo su tambaya ba. Wata kunya take ji kar a faɗa mata abin da ya fi ƙarfinta ta rasa yadda za ta janye. Wata tana zargin za a duba hotonta a yanka mata farashi daidai da shigarta. Wata kuma ƙarfe sha ɗayan dare ne, ba ta son jiran amsa sai gobe, ga wani shafi can da ya rubuta nasa ƙarara. Abokan hamayyar da kike ɓoye wa kuwa sun riga sun san farashinki, ƙanwarsu za su sa ta tambaya.

Ki rubuta kuɗin kowane kaya da naira. Ki faɗi turmi ne ko yadi, kuma yadi nawa ne a ciki. Idan akwai farashin sari daban da na ɗai-ɗai, ki nuna daga guda nawa sari yake farawa. Shadda a faɗi irinta, idan Getzner ce a ce Getzner ce, idan ba ita ba ce kar a bari mai saye ta zata ita ce. Abin da ya ƙare a rubuta ya ƙare, ko a sauke shi. Sai dai wannan yana nufin dole ke ko wani a shagonki ya iya sauya farashi da kansa daga waya, ba sai an kira wanda ya gina shafin ba. Idan bai koya miki wannan ba, aikinsa bai kammala ba. Tsohon farashi ya fi rashin farashi ɓata ciniki, domin wadda ta ga dubu ashirin ta zo aka ce mata ashirin da takwas, ta tafi ke nan tana cewa an yaudare ta.

Akwatin da ya tare ni yana neman imel, a cire shi yau. Tun watan Janairun 2017 Google ya fara rage darajar shafukan da ke rufe wa mai waya allo da irin wannan da zarar ya shigo daga bincike. Ko ba don Google ba, wa zai ba ki adireshinsa alhali bai ga ko ƙyalle ɗaya ba? Kuma masu sayen atamfa ba ta imel suke magana ba, da yawansu wanda ya saita musu waya ne ya buɗe musu shi, ba su sake leƙa shi ba. WhatsApp suke. Ki sa maɓallinsa a ƙarƙashin kowane kaya, wanda idan an latsa zai buɗe hira da ke kai tsaye ɗauke da sunan kayan a rubuce. A kula wajen saita lambar, da 234 ake farawa a jefar da sifirin farko, in ba haka ba maɓallin ba zai kai kowa ko'ina ba. Na sha ganin wannan.

Na daure na jefa atamfa ɗaya a kwandon saye don in ga ƙarshen hanyar. Nan na tarar da katanga: sai na yi rajista, na ƙirƙiri kalmar sirri mai babban baƙi da lamba da alama, na je imel na tabbatar, sannan a karɓi kuɗina. Cibiyar Baymard, wadda ta daɗe tana nazarin sayayya ta intanet, ta kiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na kwandunan da aka zuba wa kaya ana watsar da su ba a biya ba, kuma tilasta rajista yana cikin manyan dalilan da mutane ke bayarwa. Akwai wani labari sananne a sana'armu da Jared Spool ya bayar a 2009, na wani babban kantin intanet da ya cire maɓallin rajista ya sa na ci gaba a madadinsa, ya bar wa mutum zaɓi ya yi rajistar daga baya in ya so. Masu saye suka ƙaru da kashi 45 cikin 100, abin da ya kai ƙarin dala miliyan 300 a shekarar farko. Ba irin kasuwarmu ba ce, amma halin ɗan Adam ɗaya ne. Wanda ya zaro kuɗi zai ba ka, ba ka ce ya tsaya ya cike takarda.

Fom ɗin kansa na Amurka ne, ba a taɓa shi ba tun da aka sayo samfurin. Yana neman sunan kamfani, yana neman layin adireshi na ɗaya da na biyu, kuma ya ƙi wucewa sai an sa lambar gidan waya ta unguwa. Mutum nawa kika sani da suka haddace tasu? Mu da kwatance muke aiki: bayan masallacin Juma'a, layin mai shayi, gida na uku mai jan ƙyaure. A ba mutum fili ɗaya babba ya rubuta kwatancensa yadda ya iya. Suna, lambar waya, gari, kwatance, sun wadatar. Kuma ki tuna yadda kaya suke tafiya a zahiri: wadda take Gusau ko Azare, tasha za a kai a ba direba, a turo mata lambarsa. To shafin ya faɗi haka, ya faɗi kuɗin mota tun kafin a zo biya, kar ya zama sai a matakin ƙarshe kuɗin aike zai faɗo mata kamar daga sama. Wani abin kuma, gurbin lambar waya ya ƙi karɓar komai sai lambar Najeriya mai lamba goma sha ɗaya. Ke kin fi ni sanin cewa kayan Kano har Maraɗi da Damagaram da Njamena da Garwa suke zuwa. Na gwada lambar Nijar mai farawa da 227, fom ɗin ya ce ba daidai ba ce, kuma da ya ce hakan sai ya goge duk abin da na riga na rubuta. Wannan kaɗai ya isa mutum ya yi tsaki ya rufe.

Wajen biya, kati kawai aka buɗe. Mutane da yawa ba sa yarda su rubuta lambar katinsu a shafin da ba su sani ba, kuma ba su yi laifi ba, 'yan damfara sun koya musu hankali. Tiransifa suka saba da ita, su tura su ga alat. Paystack da Flutterwave, kamfanonin da ke karɓar wa shafi kuɗi, duk suna karɓar tiransifa da USSD, kunna su kawai za a yi.

Da na ce na fita rana, da dalili. An yi rubutun shafin da ruwan zinare a kan fari, wani wurin toka-toka, da siraran haruffa masu lanƙwasa irin na katin biki. A ɗaki mai sanyi yana da kyau, a rana ba a ganin komai, balle ga uwa mai shekara hamsin da ba ta ɗauko tabaranta ba, kuma irinta ce mai sayen lefe akwati-akwati. Ƙa'idar da ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ta shimfiɗa ita ce bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa ya kai 4.5 bisa 1, a taƙaice dai baƙi ko mai duhu a kan fari. Girman rubutu kar ya gaza fiksel 16. Maɓalli kuma ya kai faɗin kan yatsa, Google yana ba da shawarar fiksel 48, a kuma bar tazara tsakaninsa da na kusa da shi. Wannan ba don masu saye kaɗai ba ne, shekaru ke nan Google da siffar waya yake duba shafi ya yanke matsayinsa a bincike, ba da ta kwamfuta ba.

Sai harshe, wanda a nan ne na fi jin takaici. Tallarki da Hausa kika yi ta, da muryarki, shi ya sa aka latsa. Ana shiga shafin sai a tarar da dogon Turanci na maraba da zuwa, da alƙawarin inganci, irin wanda ke kowane shafi a duniya. Tun 1997 Jakob Nielsen, masanin yadda mutane ke amfani da shafukan intanet, ya nuna cewa kashi 79 cikin 100 na waɗanda ya gwada ba sa karanta shafi kalma bayan kalma, ido kawai suke wurgawa suna neman abin da ya kawo su. To ki ba idon abin da zai kama: atamfa, leshi, shadda, yadi, mayafi, kayan lefe, da sunayen da ake kiran su a kasuwa. Layi ɗaya a sama ya isa ya faɗi abin da kike sayarwa, inda shagonki yake, da cewa kina aikawa ko'ina. Idan za a yi Hausar, mutum ya rubuta ta, kar a zuba Turanci a na'urar fassara a kwaso. A kuma gwada haruffan nan masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, domin yawancin salon rubutu na ado ba su da su, sai ka ga akwati ko alamar tambaya a tsakiyar kalma, ko harafin ya fito da wata siffa daban kamar baƙo a cikin dangi. Salon Noto na Google yana da su duka, har da ƴ da ake rubutawa a Nijar. Gurbin bincike na cikin shafin shi ma a koya masa halinmu: wata za ta rubuta leshi, wata les, wata da Turanci, wata atamfa, wata atampa. Duk su kai ta wuri ɗaya. Na rubuta leshi a naki ya ce babu, alhali kina da fiye da talatin, an sa musu suna da Turanci ne kawai.

Ko da an gyara duk wannan, saura yarda, domin za ki ce wa mace ta tura dubu hamsin ga wadda ba ta taɓa gani ba. A saman shafinki Chrome, manhajar buɗe shafuka, ya rubuta gargaɗin cewa babu tsaro. Tun watan Yulin 2018 yake yi wa duk shafin da ba shi da takardar tsaro haka, wato shaidar da ke sa adireshi ya fara da https, kuma ƙungiyar Let's Encrypt tana bayar da takardar kyauta, don haka babu uzuri. A shafin tarihi akwai hoton wasu Turawa cikin kwat suna musabaha, ga wani sakin layi na rubutun Latin da ake cike gurbi da shi kafin a sa na gaske, an manta ba a goge ba. Sanarwar rangwamen Sallah tana nan, an yi wata huɗu da saukowa daga idi. Kowanne ƙaramin abu ne, amma idan suka taru suna gaya wa baƙo cewa babu kowa a gidan nan. Abin da zai kwantar masa da hankali ba shi da wuya: hoton shagonki na gaske da kaya a jere, sunan kasuwa da layi da lambar shago, lambar waya da ake ɗagawa, da bayani a fili kan abin da za a yi idan kaya ya iso ba shi aka zaɓa ba. Hotunan kayan ma a ɗauke su da hasken rana ba tare da an ƙara musu kala ba, saboda rigimar da ta fi yawa a cinikin tufafi ta intanet ita ce ba wannan kalar na gani ba.

Bari in ɗan kauce, tunda bakina ya zo kai. Ki tambayi yaron da sunan wa aka yi rajistar adireshin shafin, kuma yaushe zai ƙare. Haya ce ta shekara-shekara, ba saye ba ne na dindindin. Na taɓa karɓar aikin wata makaranta da shafinta ya ɓace ana tsakiyar ɗaukar ɗalibai, saboda wanda ya gina shi da imel ɗinsa ya yi rajista, ya bar gari, lambarsa ba ta shiga, sanarwar sabuntawa tana ta zuwa inda babu mai gani. Sai sabon adireshi suka yi, duk takardun da suka buga da tsohon suka tashi a banza. Ya zama da sunanki da imel ɗinki aka yi, kalmomin sirrin kuma suna hannunki a rubuce.

Ba na so ki ɗauki maganata kawai ki je ki sauke wa yaron kwandon faɗa. Ki gwada da kanki. Ki sa adireshin a PageSpeed Insights, shafin Google na auna saurin shafi, kyauta ne, ki duba sakamakon ɓangaren waya, zai jera abubuwan da suka fi nauyi. Wanda ya fi wannan amfani kuma, ki sami mutum biyar irin masu sayen kayanki, ƙanwa, maƙwabciya, wata 'yar uwa da ba ta cika ta'ammali da intanet ba, kowacce da wayarta da datarta. Nielsen ya nuna a 2000 cewa mutum biyar sun isa su tono kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani da shafi. Ki ce mata ta nemo leshi ruwan zuma ta saya, sannan ki kama bakinki. Wannan shi ne mai wuyar, domin za ki ga tana lalube, bakinki zai yi ƙaiƙayi ki ce latsa can. Kar ki ce. Duk inda ta tsaya, ko ta ɗaga kai ta dube ki, ki rubuta shi, nan ne baƙi suke juyawa.

Idan kuɗi ko lokaci bai isa a yi duka a tashi ɗaya ba, a fara da matse hotuna, da rubuta farashi, da cire akwatin imel da tilasta rajista, da sa maɓallin WhatsApp, da takardar tsaro. Aikin kwana biyu ne zuwa uku, kuma ba sai an rushe shafin an sake sabo ba, kar wani ya ce miki haka ya karɓi kuɗi karo na biyu. Kafin a gama, ki juya tallar ta riƙa kai mutane WhatsApp Business ɗinki, ki jera kayan a kundinsa da farashinsu, ciniki ya ci gaba. In an gyara ki sake turo mini, zan ɗauki itel ɗin in koma ƙofar gida in sake ƙirgawa.